Koyar da Zanen Giraf na Gwargwadon Tafi-tare da Gwargwadon Saɓani da Harshen Hausa a Makarantun Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Darasin gwargwado yana cikin darussan lissafi da ɗalibi ke haɗuwa da su a ƙaramar sakandare, kuma a kansa ake ɗora darussa da dama na babbar sakandare, musamman a fizis da kemistiri. Dokar Boyle ta shekarar 1662, wadda ta nuna cewa girman iska yana raguwa gwargwadon yadda matsi ya ƙaru, da dokar Ohm ta shekarar 1827 a kan wutar lantarki, duk ba sa zama a kan ɗalibin da bai riƙe wannan darasi da kyau ba. Manufar wannan sashe na rahotonmu ita ce bayyana yadda za a koyar da zanen giraf na nau'o'in gwargwado guda biyu da harshen Hausa, tare da ɗauko misalai daga rayuwar birnin Maiduguri.

Abin da muke son tabbatarwa guda ɗaya ne. Bayanin da aka fi saurin yi wa ɗalibai, wato "idan ɗaya ya hau ɗaya ma ya hau" da "idan ɗaya ya hau ɗaya ya sauka", bai wadatar ba, har ma yakan kai su ga kuskure. Abin da ke tabbatar da gwargwado shi ne adadin da ba ya sauyawa yayin da sauran adadai ke sauyawa, kuma aikin giraf shi ne fito da wannan tsayayyen adadi fili, ɗalibi ya gan shi da idonsa.

2.0 Matsayin Harshe a Ajin Lissafi

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a shekarar 1977, ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsu a shekarun farko na firamare. Kafin wannan, aikin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga shekarar 1970 ya gwada koyar da darussan firamare, har da lissafi, da Yarabanci tsawon shekara 6. A shekarun 1980 kuma an wallafa jerin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare a harsunan Nijeriya guda 9, ciki har da Hausa da Barbarci. A ƙarshen shekarar 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar harshe da ta faɗaɗa koyarwa da harshen uwa zuwa shekara 6 na firamare, sai dai a watan Nuwamba na shekarar 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da janye ta, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa.

Ko da wane mataki hukuma ta ɗauka, malamin da ya ga ɗalibansa sun yi tsuru-tsuru yakan koma harshen da suke ji domin ya warware musu. A Maiduguri, inda aji ɗaya kan haɗa 'ya'yan Barebari da Shuwa da Babur da Margi da Fulani da Hausawa, Hausa ce galibi harshen da kowa ke ji. Ke nan, tambayar da ke gabanmu ita ce da wace irin Hausa za a yi wannan bayani. Tun da Hausa harshe na biyu ce ga yawancin waɗannan ɗalibai, wajibi ne kalmomin su kasance masu sauƙi, kuma su ɗauki ma'anar lissafin daidai, ba tare da sun karkatar da ita ba.

3.0 Kalmomin da Muka Zaɓa

Mun ɗauki kalmar "gwargwado" domin tuni tana ɗauke da ma'anar auna wani abu da wani, kamar yadda ake cewa a biya mutum gwargwadon aikinsa. Nau'i na farko mun kira shi "gwargwadon tafi-tare", na biyu kuma "gwargwadon saɓani". Layin da ya kwanta a ƙasan giraf shi ne "layin kwance", wanda ya miƙe sama shi ne "layin tsaye", inda suka haɗu kuma "mahaɗar sifiri". Adadin da ba ya sauyawa shi ne "tsayayyen adadi".

Har ila yau, muna jan hankalin malamai ga bambancin da ke tsakanin "ƙaruwa" da "ninkawa", da kuma tsakanin "raguwa" da "rabawa". A maganar yau da kullum akan haɗa su wuri ɗaya, amma a wannan darasi rarrabe su shi ne ginshiƙi. Ƙaruwa da raguwa na tarawa da ɗebewa ne, gwargwado kuwa magana ce ta ninkawa da rabawa. Saboda haka jimlolin da muke so su zauna a bakin ɗalibi su ne: a tafi-tare, idan an ninka ɗaya sau biyu, ɗayan ma ya ninku sau biyu, a saɓani, idan an ninka ɗaya sau biyu, ɗayan ya koma rabi.

4.0 Giraf na Gwargwadon Tafi-tare

Kowane yaro a Maiduguri ya san mai moya, wato mai sayar da ruwa a jarkoki cikin kura. Mu ɗauka kowace jarka tana cin lita 25. Ɗalibai su fara cika jadawali da kansu:

Jarka 1, lita 25
Jarka 2, lita 50
Jarka 3, lita 75
Jarka 4, lita 100
Jarka 6, lita 150

Kafin a taɓa takardar giraf, malami ya sa a raba lita da yawan jarka a kowane layi. Amsa za ta riƙa fitowa 25 ba sauyi. Wannan shi ne tsayayyen adadi, kuma yana da ma'ana a zahiri, domin shi ne cikin jarka ɗaya. Daga nan a jera yawan jarka a layin kwance, lita a layin tsaye, a ɗiga kowane ɗigo a gurbinsa. Ɗigogin za su jeru a kan miƙaƙƙen layi. Sai malami ya tambaya: idan babu jarka ko ɗaya, lita nawa ke nan? Amsar ita ce sifiri, wato layin ya taso ne daga mahaɗar sifiri. Alamomi biyu ke nan da dole su haɗu: layi miƙaƙƙe, kuma ya ratsa ta mahaɗar sifiri. Idan an kira yawan jarka x, lita kuma y, dangantakar ita ce y = 25x.

Bayan wannan, a zana layi na biyu a kan takarda guda, na jarka mai cin lita 20. Ɗalibai za su ga shi ma ya taso daga mahaɗa, amma bai kai na farko miƙewa sama ba. Ta haka za su gane cewa tsayayyen adadi shi ne ke nuna yadda layi zai yi tsaye ko ya kwanta.

Mataki na gaba shi ne wanda bai kamata a tsallake ba, wato kawo misalin da ya yi kama da tafi-tare alhali ba shi ba ne. Mu ɗauka an aiki yaro Kasuwar Monday ya sayo gero, mudu ɗaya naira 1,000, kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa naira 500. Mudu 1 zai tashi a kan 1,500, mudu 2 a kan 2,500, mudu 4 a kan 4,500. Mudu yana ƙaruwa, kuɗi yana ƙaruwa, kuma giraf ɗin miƙaƙƙen layi ne. Sai dai daga mudu 2 zuwa mudu 4 an ninka gero sau biyu, amma 4,500 ba ninkin 2,500 ba ne. A kan takarda za a ga layin ya taso daga 500 a jikin layin tsaye, bai bi ta mahaɗar sifiri ba. Ɗalibin da aka koya wa "suna hawa tare" kaɗai zai kira wannan gwargwado, ya yi lissafin mudu 4 ya samu 5,000, ko ma 6,000.

5.0 Giraf na Gwargwadon Saɓani

A nan misalin da ya fi kusa da rayuwar ɗalibai shi ne na abinci da yawan masu ci. Mu ɗauka akwai hatsin da zai ishi mutum ɗaya kwana 24, kuma kowa cinsa ɗaya:

Mutum 1, kwana 24
Mutum 2, kwana 12
Mutum 3, kwana 8
Mutum 4, kwana 6
Mutum 6, kwana 4
Mutum 8, kwana 3
Mutum 12, kwana 2
Mutum 24, kwana 1

Idan ɗalibai suka gwada rabawa kamar yadda suka yi a baya, amsa ba za ta tsaya wuri ɗaya ba. Sai malami ya sa su ninka yawan mutane da yawan kwanaki. Kowane layi zai ba da 24. Ga tsayayyen adadi ya sake fitowa, amma wannan karon ta hanyar ninkawa, kuma ma'anarsa ita ce yawan hatsin gaba ɗaya. Dangantakar ita ce xy = 24.

Da aka ɗiga ɗigogin za a ga rula ba ta iya haɗa su. Suna gangarowa da sauri daga sama, sa'an nan su kwanta a hankali. Ya kamata malami ya nuna dalilin wannan lanƙwasa daga cikin jadawalin kansa: ƙarin mutum ɗaya daga 1 zuwa 2 ya cinye kwana 12, amma ƙarin mutum ɗaya daga 3 zuwa 4 kwana 2 kacal ya cinye. Matakin da ake takawa a layin kwance ɗaya ne, amma saukar da ake yi tana raguwa, shi ya sa layin ya lanƙwashe. Bugu da ƙari, layin yana kusantar layin kwance da layin tsaye ba tare da ya taɓa su ba, domin babu adadin da za a ninka da sifiri a samu 24.

Akwai wata dabara da muke ba da shawarar a yi amfani da ita domin tsayayyen adadi ya fito fili. A ba kowane rukuni na ɗalibai murafun kwalba ko tsakuwoyi 24, a ce su jera su sahu-sahu daidai da juna: sahu 2 na 12, sahu 3 na 8, sahu 4 na 6, da sauransu. Sa'an nan a zana kowane jeri a takardar giraf a matsayin fili mai kusurwa huɗu, dukansu kusurwarsu ta ƙasa ta hagu tana kan mahaɗar sifiri. Kowane fili gida 24 ya ƙunsa, wani siriri dogo, wani gajere mai faɗi. Idan aka haɗa kusurwoyinsu na sama na dama, lanƙwasasshen layin nan ne zai fito. Gani ya kori ji: ɗalibi ya ga cewa faɗin filin da ke ƙarƙashin kowane ɗigo bai sauya ba.

A nan ma akwai misalin da ke yaudara. Tanki yana da ruwa jarka 24, ana ɗiba. Idan an ɗebi 4 saura 20, idan an ɗebi 8 saura 16, idan an ɗebi 12 saura 12. Ɗaya yana hawa, ɗaya yana sauka, amma da aka ninka abin da aka ɗiba daga 4 zuwa 8, saura bai koma rabi ba. Abin da ya tsaya a nan jimla ce ta tarawa, ba sakamakon ninkawa ba. Giraf ɗinsa miƙaƙƙen layi ne mai gangarowa, wanda ya taɓa layin tsaye a 24, ya taɓa layin kwance a 24. Muna ba da shawarar a zana wannan da na hatsi a takarda guda, domin ɗalibai su ga miƙaƙƙe da lanƙwasasshe kafaɗa da kafaɗa.

Masu binciken koyar da lissafi a Jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam, wato De Bock da Van Dooren da Verschaffel da abokan aikinsu, sun nuna cewa ɗalibai suna da ɗabi'ar ɗaukar kusan kowace dangantaka a matsayin ta tafi-tare, ko da ba ita ba ce. Wannan ya ƙarfafa ra'ayinmu cewa misalan da ba gwargwado ba suna da muhimmanci daidai da misalan gwargwadon.

6.0 Iyakar Misali

Lissafi yakan ɗauki wasu sharuɗɗa da rayuwa ba ta cika kiyaye su ba, kuma ya kyautu a faɗa wa ɗalibai haka ƙarara. A misalin hatsi mun ɗauka kowa cinsa ɗaya, alhali cin yaro ba ɗaya yake da na babba ba. A misalin leburori da kwanakin gini, wanda littattafai suka cika kawowa, lissafi zai ce idan mutum 4 sun gama ɗaki a kwana 6, mutum 24 za su gama shi a kwana 1, amma kowane magini ya san sai bulo ya kama kafin a ɗora wani. Haka kuma ba a samun mutum 2 da rabi, don haka a giraf na hatsi ɗigogi ne ke da ma'ana, layin da ya haɗa su jagora ne kawai. Wannan ya saɓa wa giraf na ruwa, inda rabin jarka abu ne mai yiwuwa.

Akwai kuma wani abin lura na daban. Tun daga shekarar 2009 rikicin Boko Haram ya koro jama'a masu yawa zuwa Maiduguri, sa'an nan a watan Satumba na shekarar 2024 ɓallewar madatsar ruwa ta Alau ta jawo ambaliyar da ta raba dubban iyalai da gidajensu. Ga ɗalibai da yawa, ƙaruwar masu ci a kan buhu ɗaya abu ne da suka rayu a cikinsa. Wannan yana sa su kama misalin da wuri, amma malami ya kiyaye kada ya sa ɗalibi ya faɗi halin gidansu a gaban aji. A bar misalin a kan gidan da ba a ambaci mai shi ba.

7.0 Abin da Ɗalibi Ya Riga Ya Sani

Tunanin gwargwado ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Borno ta daɗe da suna wajen karatu, kuma malaman da ke rabon gado suna aiki da nau'o'in biyu: rabon magaji mai kaso ƙayyadadde yana ninkuwa idan dukiya ta ninku, rabon kowane ɗaya daga cikin magada masu kaso daidai kuma yana komawa rabi idan yawansu ya ninku. Zakkar kuɗi, wadda take ɗaya cikin 40 ga dukiyar da ta kai nisabi, misali ce ta tsayayyen adadi. A maganar Hausa ma akan ce iya kuɗinka iya shagalinka, akan kuma ce daidai ruwa daidai tsaki. Sabon abin da makaranta ta kawo shi ne mayar da adadi ɗigo a kan takarda, hanyar da ta bunƙasa daga aikin René Descartes na ƙasar Faransa a shekarar 1637. Idan malami ya fara daga abin da ɗalibi ya sani, nauyin da ya rage a kansa shi ne na zanen kaɗai.

8.0 Shawarwari ga Malamai da Masu Tsara Manhaja

Na farko, a bi tsari ɗaya a kowane misali: labari, jadawali, neman tsayayyen adadi, giraf, sa'an nan alamomin x da y a ƙarshe. Fara darasi da alamomi yakan sa ɗalibi ya haddace ba tare da ya fahimta ba.

Na biyu, a koyar da nau'o'in guda huɗu tare, wato tafi-tare, da saɓani, da kuma masu kama da su guda biyu. Muna ba Majalisar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wato NERDC, da marubuta littattafan makaranta shawarar su sa irin waɗannan misalai a jagoran malamai, domin darasin da ya ƙunshi gwargwado zalla ba ya koya wa ɗalibi rarrabewa.

Na uku, a ware darasi guda domin ma'aunin layuka. Idan ɗalibi ya jera 1, 2, 3, 4, 6, 8, 12, 24 a layin kwance da tazara ɗaya kamar yadda suke a jadawali, siffar giraf ɗin za ta ɓaci gaba ɗaya. Dole tazarar da ke tsakanin 12 da 24 ta ninka wadda ke tsakanin 6 da 12 sau biyu.

Na huɗu, rashin takardar giraf kada ya hana darasi. Ana iya zana gidaje na dindindin da fenti a gefe ɗaya na allo, ko a ja layuka biyu a kan yashin filin makaranta, a auna tazara da taki, ɗalibai su tsaya a matsayin ɗigogi, a miƙa igiya a tsakaninsu. A aji mai cunkoso wannan ya fi sauƙin gudanarwa a kan duba takardar kowane ɗalibi.

Na biyar, tambayoyin auna fahimta su haɗa da karanta giraf da bayyana dalili. Ga misali: a ɗauka tafiya daga Maiduguri zuwa Kano kilomita 600 ce domin sauƙin lissafi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa za ta yi awa 12, mai 60 awa 10, mai 100 awa 6, mai 120 awa 5. A tambayi ɗalibi: me ya sa ƙarin kilomita 10 daga 50 zuwa 60 ya rage awa 2, amma ƙarin kilomita 20 daga 100 zuwa 120 awa 1 kaɗai ya rage? Wanda ya iya nuna amsar a jikin lanƙwasar ya fahimci darasin, ya kuma gane cewa ribar gudun wuce ƙima kaɗan ce.

Na shida, a babbar sakandare a ƙara mataki ɗaya: a zana y a kan 1/x. Idan dangantakar saɓani ce, miƙaƙƙen layi mai ratsa mahaɗar sifiri zai fito. Wannan ita ce hanyar da ake bi wajen tabbatar da dokar Boyle a ɗakin gwaji, kuma tana amfanar ɗalibi a jarrabawar WAEC da NECO.

Na bakwai, cibiyoyin horar da malamai da ke birnin, irin su Jami'ar Maiduguri wadda aka kafa a shekarar 1975, da Kwalejin Ilimi ta Kashim Ibrahim, su ne wuraren da suka dace a gwada waɗannan kalmomi, a kuma nemo takwarorinsu na Barbarci. A riƙa ba ɗalibi kalmar Ingilishi tare da ta Hausa, tun da da Ingilishi zai rubuta jarrabawa.

9.0 Kammalawa

A wannan sashe mun nuna cewa hawa da sauka kaɗai ba sa tabbatar da gwargwado. A tafi-tare sakamakon rabawa ne ke tsayawa, giraf ya fito miƙaƙƙe daga mahaɗar sifiri. A saɓani sakamakon ninkawa ne ke tsayawa, giraf ya fito lanƙwasasshe ba tare da ya taɓa layin kwance ko na tsaye ba. Tambayar da muke so malami ya riƙa maimaitawa a kowane misali ita ce: mene ne bai sauya ba a nan? Kalmomin da muka gabatar shawara ce, kuma muna fatan malaman da suka gwada su a aji za su aiko mana da gyare-gyarensu domin a daidaita su kafin a shigar da su jagoran malamai.